Ruwan famfon Brighton mai alli: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Brighton, garin da ke bakin teku a kudancin Ingila, ba zai daɗe ba zai ga wani farin abu ya fara daskarewa a gindin butar shayinsa, sabulu kuma ya ƙi kumfa yadda ya saba. Nan take sai a ɗora wa teku laifi, a ce ruwan gishiri ne ke shiga famfo. Ba haka ba ne. Daga rijiyoyin burtsatse ake zuƙo ruwan garin, a ƙarƙashin tuddan South Downs da ke bayansa, kuma tuddan nan alli ne, irin wanda ake hangowa fari fat a gaɓar teku wajen Seven Sisters. Ruwan sama yana ratsa allin, ya narkar da sinadarin kalsiyam, ya taho da shi har cikin gida. Ana auna yawan allin da ke cikin ruwa da miligiram a kowace lita, kuma na Brighton ya haura 200, wato ya shiga sahun ruwa mai yawan alli. Mai son sanin na gidansa sai ya sa lambar unguwarsa a shafin intanet na Southern Water, kamfanin da ke ba garin ruwa.

Asarar farko ita ce ta kuɗi. Mutum ya tsorata, ya koma jidar ruwan roba daga kanti, da shi zai sha, da shi zai yi girki. Alhali ruwan famfon tsaftatacce ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wa yawan alli wata iyaka saboda lafiya ba. Da yawa daga ruwan robar ma akwai kalsiyam ɗin a ciki, duba jikin takardarsa ka gani. Idan kuma ka tari ruwa ka ga ya yi fari kamar an ɗiga madara, ajiye kofin ka jira kaɗan. In ya washe daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai.

Sai maganar buta, wadda ita ce ta fi damun kowa. Mun taso da cewa tafasa ruwa na gyara shi, shi ya sa wasu ke ta maimaita tafasawa don allin ya fita. To ai zafin ne ke sa allin da ya narke ya koma dutse ya manne a ƙarfe. Cika buta taf don kofi ɗaya, a bar sauran ya kwana, gobe a ƙara wani a kai, shi ke sa ɓawon ya yi kauri har ya riƙa ɓantarowa cikin shayi. Tafasa iya abin da kake buƙata, ka zubar da ragowar. Idan ya riga ya taru, kada ka sa wuƙa ko soson ƙarfe, za ka karce butar ne allin bai gama fita ba. Tsami ne maganinsa. Haɗa farin ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ka tafasa, ka bar shi kamar awa ɗaya, za ka ga yana tsartuwa yana narkewa. Ka ɗauraye sosai, ka tafasa ruwa zalla ka zubar kafin ka sha. Garin tsamin da ake sayarwa da sunan citric acid ma yana yi, cokali ɗaya ko biyu, kuma ba ya barin wari. Kan shawar da ramukansa suka toshe har ruwa ke fita a karkace, a kwance shi a jiƙa a irin wannan haɗin. Sai dai tsami na cin dutsen marmara, kada ya taɓa shi.

Kuskuren da ya fi tayar min da hankali shi ne na bilic. Mutum ya ga zobe mai ruwan ƙasa a masai, ya kwarara bilic, wurin ya yi haske, bayan kwana biyu abin ya dawo, domin bilic launi kawai yake gusarwa, ba ya narkar da alli. Haushi ya sa ya ƙara ruwan khal ko maganin cire alli a kan bilic ɗin. Wannan haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, ga shi banɗakunan gidajen haya da yawa ƙanana ne, wasu ko taga babu. Don Allah kada a haɗa su ko sau ɗaya. A yi amfani da mai tsamin shi kaɗai, a bar shi ya jima, a goge, a kora ruwa. In ana son sa bilic, sai wani lokaci daban.

A wajen wanki, kalsiyam yana cinye wani kaso na sabulu kafin ya kai ga datti. Shi ya sa farin hijabi ko farar shadda ke dusashewa, tawul kuma ya yi tauri. Duba bayan kwalin garin sabulu, akwai ma'auni daban na ruwa mai alli, shi za ka bi. Sabulun sanda kuwa shi ne ke barin wannan dattin mai maiƙo a jikin baho, na ruwa ya fi dacewa. Mai injin wanke kwanuka ya zuba masa gishirinsa na musamman, ba na miya ba.

Masu girki ma suna shan mamaki. A ɗora wake, a yi ta ƙara ruwa, ya ƙi nuna, a ce ai tsoho ne aka sayar. Sau da yawa ruwan ne, domin kalsiyam yana ƙara wa jikin wake tauri. Dabarar iyayenmu ta jefa 'yar kanwa tana aiki sosai a nan. In babu kanwa, ɗan bekin soda a bakin cokali ya wadatar. A kuma jinkirta zuba tumatir har waken ya yi laushi, don tsami ma na hana shi nuna. Yanar da ke tasowa a saman baƙin shayi ba datti ba ce, allin ne ya haɗu da sinadaran ganyen. Jug mai matata yana rage ta, muddin ana sauya matatar kusan duk wata.

Game da bushewar fata da taurin gashi, kada a yi gaggawar sayen kan shawa mai matata, yawancinsu ba sa cire alli. A rage sabulu, a ɗauraye da kyau, a shafa man kaɗanya tun jiki na da danshi. An yi wani babban gwaji a Ingila wanda aka wallafa a 2011, aka sa wa gidajen yara masu ciwon fata na ƙaiƙayi na'urar tausasa ruwa, wato mai cire masa alli, kuma ba a ga ta ƙara musu sauƙi ba. Yaron da fatarsa ke damunsa likita za a kai wa.

Wasu kuma sukan ji cewa alli ya fi taruwa idan zafi ya wuce digiri 60, sai su rage zafin tankin ruwan zafi sosai. Kada a sauke shi ƙasa da 60, domin ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi. Idan tukunyar dumama gida ta fara ƙara kamar tana tafasa, ko ruwan zafi ya rage gudu, ɗan haya ya rubuta wa mai gida ya turo ma'aikaci mai lasisi, kada ya buɗe ta da kansa. Wanda gidansa ne kuma ya sa na'urar tausasa ruwa mai amfani da gishiri, ya tabbata an bar famfo ɗaya a kicin da bai bi ta cikinta ba. Na'urar tana musanya kalsiyam da sodiyam ne, don haka daga wancan famfon za a riƙa ɗiban ruwan haɗa madarar jariri da na wanda likita ya ce ya rage gishiri.