Noman kwagiri, sararsa da busar da shi

Kwagirin da ake yin kujeru, kwanduna da sandar dogarawa da shi ɗan uwan kwakwar manja ne, sai dai shi ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Da ƙugiyoyin da ke bakin ganyensa yake kama itatuwa yana hawa, har ya kai mita 30 ko fiye. Gidansa kurmi mai yawan ruwan sama, irin na Kuros Riba, Edo, kudancin Kamaru da yammacin Ghana. Wanda ke Kano ko Maraɗi kada ya zuba kuɗinsa a shukarsa, rani ɗaya zai gama da shi.

Iri biyu kasuwa ta fi nema. Laccosperma secundiflorum shi ne mai kauri, santimita 2 zuwa 3, da shi ake yin ƙafafu da ƙashin kujera. Eremospatha macrocarpa siriri ne, yana tsaguwa sumul, shi ya sa masaƙa ke ɗauri da saƙa da shi.

A tsinko 'ya'yan da suka nuna suka yi ja, a murje su da yashi har ɓawon da tsokar su fita, a wanke, a shuka nan take. Irin da aka bari ya bushe ya mutu, wanda kuma aka bar wa tsoka ruɓewa yake yi. A binne shi santimita 1 zuwa 2 cikin leda mai ƙasar kurmi da yashi, ƙarƙashin rumfar da ke tare rabin rana, a riƙa ban ruwa kullum ba tare da ledar ta yi taɓo ba. Tsirowa na ɗaukar watanni, don haka kada a zubar da leda saboda an ga shiru. Mai gaggawa yana iya cire 'yan reshen da ke fitowa a gindin uwa, da saiwarsu, ya raina su a leda.

Idan tsiro ya kai kamar santimita 40 zuwa 50, a dasa shi da faɗuwar damina, mita 3 zuwa 4 tsakanin tushe da tushe, kusa da itatuwa masu ƙarfin reshe. A Malesiya cikin gonakin roba ake sa shi saboda haka. Inuwa mai duhu tana hana shi tashi, sai a rage rassan sama haske ya shigo. A yi lissafin shekara 7 zuwa 10 kafin sarar farko.

A wurin sara aka fi yin asara. Kwagirin da ya ƙosa ana gane shi daga gindi: rigar ganyen da ke lulluɓe da shi ta bushe ta fara zubewa, jikin ya fito. Wanda rigarsa ke kore shar ɗanye ne, cike da ruwa, in ya bushe sai ya motse ya karye a wurin lanƙwasa. A sare manyan kaɗai da adda, a bar ƙananan, domin tushe ɗaya zai yi ta haihuwa shekara da shekaru in ba a ƙwaƙule shi ba. Wajen jawowa a tsaya gefe, busassun rassa da tururuwa na biyo shi ƙasa. A yar da kan mai taushi, a kankare rigar da duk ƙayar da ke jikinta, a yanka mita 3 zuwa 4.

Kada ɗanyen kwagiri ya kwana a ƙasa a tare. Cikin 'yan kwanaki fumfuna za ta yi masa baƙin tabo da ba ya gogewa, daga baya ƙwari su huda shi su mai da cikinsa gari. A jingina shi a tsaye a rana mako 2 zuwa 3, har ya yi sauƙi a hannu, launinsa ya koma ruwan ƙwai. A Asiya kan tafasa masu kaurin cikin man dizal haɗe da man kwakwa ko manja kafin shanya, wannan na fitar da ruwa ya kashe ƙwari.

Wajen aiki, mai kauri ana gasa shi da tururi ko wutar gas a lanƙwasa a hankali, a ɗaure har ya huce. Wuta ta yi yawa, ya ƙone ya tsage ta bayan gwiwar. Siririn kuwa a jiƙa shi cikin ruwa kafin saƙa, kamar yadda masu sana'ar ke yi a Mende da ke Legas. In an gama, a goge da sanfefa a shafa man sheƙi, a kuma ajiye kujerar inda ruwan sama ba ya dukanta.