Yadda ake haɗa ƙwayoyin azurfa na nano a gwada su kan bakteriya masu bijire wa magani

Ƙwayoyin azurfa na nano ɓurɓushin azurfa ne ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani. A tafasa mililita 50 na ruwan silba naitiret (wani gishirin azurfa) mai ƙarfin milimola 1 ana juyawa, sannan a ɗiga mililita 5 na sodiyom sitiret kashi 1 cikin ɗari. Da zarar ruwan ya koma rawaya mai haske, a sauke. Na'urar auna haske za ta nuna ƙololuwar shan haske wajen nanomita 420. In ruwan ya yi toka-toka, ƙwayoyin sun dunƙule, sai a sake haɗawa.

Gishirin kulorayid ne babban mai ɓata aiki, domin yana kama azurfar ya kwantar da ita. Kada a yi amfani da ruwan famfo ko wajen ɗauraye gilashi, kuma a adana haɗin cikin duhu.

Wajen gwaji, faranti mai rami 96 ya fi gwajin takardar da ake ɗorawa kan aga (daskararren abincin da ake renon bakteriya a kai), don ƙwayoyin azurfar ba sa ratsa aga sosai. A riƙa raba ƙarfin haɗin biyu daga rami zuwa rami, a sa bakteriya kusan 500,000 a kowane mililita, a ajiye a zafin digiri 35 na Celsius na awa 16 zuwa 20. A ware layi na silba naitiret zalla. Ba tare da shi ba, ba za a gane ko narkakkiyar azurfa ce ta kashe bakteriyar ko kuwa ƙwayoyin nano ne ba.