Yadda Ake Sarrafa Ƙarfin Sauti Idan An Haɗa DAC da Lasifikoki Masu Amfilifaya a Ciki

Na'urar DAC ita ce mai karɓar sautin da ke ajiye a kwamfuta ko waya a matsayin lambobi, ta mayar da shi siginar lantarki da lasifika za ta iya furtawa. Wanda ya haɗa ta kai tsaye da lasifikokin da ke ɗauke da amfilifayarsu a ciki, wato na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi, yakan tarar cewa babu wani wuri guda da aka tanadar masa domin ƙara murya ko rage ta. A tsohon tsari amfilifaya ce ke tsakiya, kuma ga abin murɗawarta kowa ke kai hannu. Yanzu kuwa ta koma cikin akwatin lasifika, abin murɗawarta yana baya inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, sau da yawa kowace lasifika da nata, sannan wasu na'urorin DAC ba su da abin murɗawa ko kaɗan. Mafita ita ce a raba aikin gida biyu: a saita iyakar ƙarfin sau ɗaya a jikin lasifikoki, sannan a zaɓi wuri guda tak da za a riƙa ƙarawa da ragewa kullum.

Kafin komai, ka duba littafin na'urarka ka san irin fitarwar da take yi. Wasu suna fitar da sigina a cikakken ƙarfinta koyaushe, wanda a yawancinsu yakan kai kimanin bolt 2 ta mahaɗar RCA (ƙaramin soket mai tsinke ɗaya), da kimanin bolt 4 ta mahaɗar XLR (babban soket mai tsinke uku). Wannan ƙarfi ya isa ya kai lasifikoki da yawa ƙurewar abin da suke iya fitarwa idan aka buɗe abin murɗawarsu duka. Wasu na'urorin kuma suna da yanayi biyu, na fitarwa tsayayya da na fitarwa mai raguwa, kuma wajibi ne ka tabbatar da wanda take kai kafin ka kunna wani abu, domin kuskure a nan yana iya ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, ya kuma cutar da kunne.

Saita iyakar ƙarfin shi ne aikin da ya fi muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ka murɗa abin da ke bayan lasifikokin zuwa ƙasa gaba ɗaya. Ka kai sautin kwamfuta da na DAC ɗin ƙurewa, ka sa waƙar da ka san tana da ƙara sosai, sannan ka riƙa ɗaga na bayan lasifikokin kaɗan-kaɗan har sai sautin ya ɗan zarce mafi ƙarfin da za ka taɓa so ka saurara. A nan za ka tsaya, ka sa alama da ɗan tef ko fensir, ka bar shi haka. Misalinsa kamar babban famfon da ke bakin tankin ruwa ne, wanda ake saitawa sau ɗaya domin ƙananan famfunan su yi aiki ba tare da ɓarna ba. Amfanin wannan saiti biyu ne. Idan wata rana sautin kwamfuta ya yi tsalle zuwa ƙurewa da kansa, za ka razana amma babu abin da zai lalace. Sannan wannan ƙarar shuu da ake ji idan aka kara kunne a lasifika lokacin da babu waƙa tana iya raguwa, tunda ba a buɗe amfilifayar fiye da bukata ba. Idan lasifikar tana da maɓallin zaɓi tsakanin +4 dBu da -10 dBV, wato matakan ƙarfin siginar da take karɓa, ka sa ta a +4, domin shi ne ya fi jure sigina mai ƙarfi. Idan kuma ba ta da abin saitawa sam, akwai ƙananan na'urorin rage sigina da ake sa wa a bakin wayar da ke shiga lasifika, masu rage desibel 10 ko 20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti).

Tunda kowace lasifika da nata abin murɗawa, dole a daidaita su. Ka sa muryar mutum ɗaya yana magana, ka zauna daidai tsakiya, ka saurara ko muryar tana fitowa daga tsakanin lasifikokin biyu ko ta karkata gefe guda. Manhajar auna ƙara ta wayar salula ma tana taimakawa idan aka gwada su ɗaya bayan ɗaya daga wuri guda.

Sai batun inda za a riƙa ragewa kullum. Idan DAC ɗin tana da abin murɗawa ko rimot, ita ce ta fi dacewa, sai a bar sautin kwamfuta da na manhajar kiɗa a ƙurewa. Idan ba ta da shi, ana iya ragewa daga kwamfuta, kuma a nan ne mutane da yawa ke fargabar lalacewar sauti. Fargabar tana da tushe, domin duk desibel 6 da aka rage ta hanyar lissafi daidai yake da asarar bit guda, wato ɗaya daga cikin lambobin da ake ajiye sauti da su. Sautin faifan CD bit 16 ne, mai faɗin kimanin desibel 96 tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni, saboda haka idan aka rage desibel 30 alhali fitarwar tana kan bit 16, abin da ya saura bai wuce bit 11 ba. Amma idan aka saita fitarwar kwamfuta a bit 24 ko 32, akwai rarar da za ta ɗauki wannan ragi ba tare da an taɓa asalin waƙar ba, kuma a ganina kunne ba zai ji wani bambanci ba matuƙar an saita iyakar lasifikokin yadda ya kamata, tunda ragin da ake bukata ba zai yi yawa ba.

Haɗarin wannan hanya yana wani wuri dabam. A Windows, manhajar kiɗa da ke amfani da ASIO ko yanayin keɓewa na WASAPI, wato hanyoyin aika sauti kai tsaye zuwa DAC, tana iya tsallake saitin sautin kwamfuta ta aika da sigina cikakkiya. A macOS, tsarin kwamfutocin Apple, idan ana amfani da wasu na'urorin DAC maɓallan ƙara murya ba sa aiki sam. Haka nan mafitar talabijin da ke aika sauti ta hanyar haske (optical) yawanci tana fitar da sauti tsayayye, rimot ɗin talabijin ba ya rage shi. Sabunta manhaja ko cire kebul na USB a mayar ma yana iya mayar da saiti ƙurewa.

Ga wanda na'urarsa ba ta raguwa, ni na fi ba da shawarar ɗan akwatin rage sauti da ake sa wa tsakanin DAC da lasifikoki, mai babban abin murɗawa guda da ke zaune kan tebur. Yana rage lasifikokin biyu tare, kuma abin da hannu ya saita yana nan yadda aka bar shi, babu manhajar da za ta canja shi. Irin wanda ba ya amfani da wuta yana son gajerun wayoyi daga gare shi zuwa lasifikoki, domin dogayen wayoyi suna iya dusashe siririn sauti. Masu araha daga cikinsu sukan sa gefe guda ya fi ɗaya ƙara idan aka murɗa su ƙasa sosai, kuma maganin wannan shi ne a ƙara rage na bayan lasifikokin, domin sauraron yau da kullum ya faɗo kusa da tsakiyar zagayen abin murɗawar. Idan wayoyin za su yi tsawo, ko ana haɗa na'urori fiye da ɗaya, gara a nemi mai amfani da wuta, a kuma bi ta XLR in akwai.

Wajen kunnawa, lasifikoki ne na ƙarshe, bayan kwamfuta da DAC sun gama tashi, wajen kashewa kuma su ne na farko, domin kada ƙarar da na'urori ke yi lokacin shigar wuta da fitarta ta bi ta amfilifaya. Kada kuma a cire ko a sa wata waya alhali lasifikokin suna kunne.