Darasi na 9: Ba kowane ciwon mara ne sanyi ba

Da zarar budurwa ko amarya ta ce mararta na ciwo, sai ka ji an ce sanyi ne. A aiki yaro kemis ya sayo kafso, ko a jiƙa sassaƙe. Alhali abubuwa da yawa ne a cikin mara: mahaifa, gidan ƙwai guda 2, bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, mafitsara da hanji. Kowannensu yana iya ciwo, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ciwon al'ada sananne ne. Yakan zo tare da jini, ya lafa cikin kwana 2 zuwa 3. Gasa mara da ruwan ɗumi a kwalba yana taimakawa, haka ma farasitamol. Amma idan kowane wata sai ya kwantar da yarinya, har ta kasa zuwa makaranta, a daina ce mata ta yi haƙuri sai ta haihu. A kai ta a duba ta.

A asibiti, tambayar farko da ma'aikaciyar jinya za ta yi miki ita ce: "Yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe?" Sannan ta ce ki nuna mata inda ke ciwo da yatsa ɗaya, ta tambayi yaushe ya fara, ko akwai zazzaɓi, amai, zafin fitsari ko fitar ruwa mai wari. Za ta danna cikinki, ta ba ki ƙaramar roba ki kawo fitsari don gwajin ciki. Iyaye mata, don Allah kada ranku ya ɓaci a nan. Ba zargin 'yarku ake yi ba, duk macen da ta fara al'ada ana yi mata wannan gwaji.

Ga dalili. Wani lokaci ciki yakan zauna a cikin bututu, bai kai mahaifa ba. Bututun siriri ne ƙwarai, ba ya iya ɗaukar ɗa. Yawanci cikin watanni 3 na farko yake fashewa, jini ya riƙa zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. Mace za ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, ta ɗan ga ɗigon jini, jiri ya kama ta, gumi mai sanyi ya keto mata, wata har kafaɗarta ta yi ciwo. Wata ma ba ta san tana da ciki ba. Wannan ba ya jiran gari ya waye, kuma ba ya jiran maigida ya dawo daga kasuwa. A nemi mota zuwa babban asibiti inda ake tiyata da ƙarin jini, 'yan uwa masu iya ba da jini su bi ta. Kada a ba ta abinci a hanya.

Haka za a gaggauta idan ciwo ya fara daga cibiya ya gangara ƙasa ta dama tare da amai, domin yana iya zama afendis, wato kumburin wani ɗan reshe na hanji.

Sanyi na gaskiya yana nan, kuma ba abin wasa ba ne. Ƙwayoyin cuta ne ke haurawa zuwa mahaifa da bututu. Maganinsa kwana 14 ne, a shanye shi ko da an ji sauƙi, miji ma a yi masa magani. In an yi sakaci, bututu yakan toshe, haihuwa ta yi wuya.

Aikin yi

1. Ki ɗauki kalanda ki zagaye ranar da al'adarki ta fara a wannan wata, ki rubuta kwanan watan da lamba a littafinki.
2. Ki kwafi wannan jimla ki cike gurbin: "Ciwon ya fara ranar ______, yana gefen ______."
3. Ku tattauna a aji: idan haka ta faru da dare a unguwarku, motar wa za a nema, kuma wane asibiti za a nufa?