Maganin barci na shaƙa ga dabbobi: kurakuran da aka fi yi a zafin Yamai

Isofuluren, ɗaya daga cikin magungunan barcin da dabba ke shaƙa, ruwa ne a cikin kwalba, amma yana tafasa a digiri 48.5 kawai. A watan Afrilu a Yamai, lokacin da zafi ke haura 42 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana yakan zarce haka. Duk wanda ya bar kwalba a mota ya dawo ya murɗe marfin nan take, tururin zai buso masa a fuska, maganin kuma ya ragu. A ajiye shi ƙasa da digiri 30, in ya ɗau zafi a bari ya huce kafin a buɗe. Desfuluren ma ya fi tsanani, a wajen digiri 23 yake tafasa, shi ya sa yake da na'urarsa daban mai aiki da lantarki. Ita kanta na'urar tururin da ke gauraya magani da oksijin tana daidaita kanta da zafi ne zuwa digiri 35 ko 40, gwargwadon irinta. In ɗakin fiɗa ya fi haka zafi, lambar da ke kan mamurɗi, wato abin da ake murɗawa a jikin na'urar don saita yawan magani, ba abin dogaro ba ce.

Kuskuren da ya fi kisa shi ne zuba wani magani a na'urar wani. In sebofuluren ya yanke a kasuwa, sai a ce ai duk maganin barci ne, a ɗura isofuluren a na'urar sebofuluren. Matsin tururin isofuluren a digiri 20 ya kai milimita 240 a ma'aunin matsi (mmHg), na sebofuluren kuwa wajen 160. Saboda haka in an murɗa zuwa 3, abin da ke fita ya kai wajen 5 cikin ɗari. Ga shi kuma isofuluren ya fi ƙarfi: ma'aunin MAC, wato yawan maganin da ke hana rabin dabbobi motsi in an yanka, 1.3 cikin ɗari ne a kare, na sebofuluren kuwa wajen 2.3. Kare ya samu kusan ninki huɗu na MAC ke nan, hawan jini ya faɗi, numfashi ya tsaya. A duba launin alamar da ke jikin kwalba da na'ura: shunayya na isofuluren, rawaya na sebofuluren, ja na halotan. In an riga an gauraya, ko na'urar ta kife a hanya, a tsiyaye ta, a bar oksijin ya ratsa ta na rabin awa ba dabba a jone, sannan a gwada ta.

Akwai kuma rashin haƙuri. A bututu mai zagaye, wanda iska ke kewayawa ta koma, in ka ɗaga mamurɗi sai an ɗau mintoci kafin abin ya isa huhu. Mai gaggawa ya ga kare ya motsa ƙafa, ya kai lamba 5, ya manta. Gara a ƙara gudun oksijin na ɗan lokaci. Halotan, da yake jini na shan sa sosai, ya fi jinkirin shiga da fita, kuma yana sa bugun zuciya ya rikice in an haɗa shi da adirenalin. Motsin ma sau da yawa ciwo ne ke jawo shi, don waɗannan magunguna ba sa kashe zafin yanka. Allurar kashe zafi tun kafin a fara ta fi murɗa lamba.

Tsakuwar soda mai tsotse gurɓatacciyar iskar (kabon dayoksid) da dabba ke fitarwa a bututu mai zagaye tana wahala a hunturu. In an bar oksijin na gudu a kanta dare guda ta bushe ƙarau, sai ta haɗu da isofuluren ko desfuluren ta ba da kabon monoksid, iska mai guba. Launin shunayya da take yi in ta ƙare yakan koma fari in ta kwana, don haka kada launi ya ruɗe ka da safe. Murtsuke ƙwaya ɗaya da yatsa: sabuwa tana rugurgujewa, wadda ta ƙare tauri take kamar dutse.

Rago, akuya da saniya ba a ba su iskar N2O, wadda akan haɗa da maganin barci na shaƙa. Tana kutsawa cikin tumbi da sauri, cikin ya kumbura ya danne huhu. A hana rago abinci awa 12 zuwa 18, a sa bututun maƙoshi mai balan-balan a hura shi, a sunkuyar da baki ƙasa don miyau ya zuba waje. In ya fara farfaɗowa a kwantar da shi kan ƙirji, kada a zare bututun sai ya fara haɗiya.