Kafin ku ɗauki waƙar farko a matsayin ƙungiya, ku zauna ku yi maganar ranar da ɗayanku zai yi suna

Wannan rubutu na ƙannena ne masu gambarar zamani, na Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Barnawa, waɗanda suka haɗu su uku ko su biyar, suka raɗa wa kansu suna, suna neman inda za su ɗauki waƙa. Sana'ata haɗa kiɗa da tace murya a wani ɗan sutudiyo a nan Kaduna. Ƙungiyoyin da suka watse a kan idona, ba rashin basira ne ya watsa su ba. Ɗaya ne yakan fara tashe, a riƙa kiransa biki shi kaɗai, sauran su ga an bar su a baya, ga shi ba a taɓa zama an faɗi yadda za a yi idan hakan ta faru ba. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da maganar ƙungiya nakan ba shi tarihin Wu-Tang Clan, don su sun yi wannan zaman tun ba su da ko sisi.

Su tara ne, sun haɗu a 1992 a yankin Staten Island na birnin New York a Amurka. Uku daga cikinsu, RZA da GZA da ODB, dangi ɗaya ne. Kafin haɗuwar, RZA da GZA kowannensu ya taɓa sa hannu da wani kamfani shi kaɗai, ya fitar da aiki, kasuwa ba ta karɓa ba, kamfanin ya rabu da shi. Da sanin halin kamfani suka shigo harkar, kuma duk abin da suka tsara daga nan ya samo asali.

Ku fara da fitar da jagora, ku kuma yanka masa wa'adi. RZA ya nemi sauran su bar masa ragama ta shekara biyar, shi zai haɗa kiɗa, shi zai ce wane ne zai hau wace waƙa. Suka amince saboda sun san abin yana da iyaka. Ku ba sai kun kai shekara biyar ba. Ku ce shekara ɗaya, ko kuma har a gama waƙa shida, sannan a sake zama. Kuma kada ku ba wanda ya fi kowa iya jera baiti don kawai ya fi iyawa. Ku ba mai haƙuri, wanda ke zuwa kan lokaci, wanda zai iya ce wa amininsa baitinka bai yi ba, a sake.

Sai kuɗi. Waƙar da ta fara fito da su, da aljihunsu suka ɗauke ta, kowa ya kawo dala 100, suka riƙa bin gidajen rediyo da ita da ƙafarsu. Ku ma karo-karo za ku yi, amma ku buɗe littafi irin na uwar adashe: suna, kwanan wata, abin da mutum ya zuba, abin da aka kashe a kuɗin sutudiyo da man janareto da mai ɗaukar bidiyo. Wanda bai da kuɗi amma ya kawo kyamara ko ya ba da ɗakinsa ana gwaji, a yi wa wannan ƙima a rubuta. Na sha ganin rigimar da ta faro daga "ai ni na biya rannan", babu mai shaida.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wurina. Lokacin da kamfanoni suka fara zawarcinsu, Wu-Tang sun zaɓi Loud Records, duk da kuɗin da aka ba su a hannu ba shi da yawa, saboda sharaɗi guda: ƙungiya ta sa hannu a matsayin ƙungiya, amma kowane ɗaya yana da 'yancin ya je ya ƙulla tasa yarjejeniyar da duk kamfanin da ya ga dama. Kundinsu na farko ya fito a Nuwamba 1993. Sai 'yan ƙungiyar suka fara fitar da nasu ɗaya-ɗaya: a 1994 Method Man ya fitar da nasa a kamfanin Def Jam. A 1995 ODB ya fitar a Elektra, GZA a Geffen, Raekwon a Loud ɗin kansa, sai Ghostface Killah a 1996. Kowa ya tafi da sunan ƙungiya a bakinsa, da kiɗan RZA, da 'yan uwansa a cikin waƙoƙinsa. Da suka dawo tare a 1997, kundinsu na biyu kai tsaye ya hau na ɗaya a jerin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. Fitar kowa shi kaɗai ƙara musu ƙarfi ta yi, domin tun farko an sa ta cikin lissafi.

Ku kwatanta da N.W.A, wata ƙungiyar gambarar zamani ta Amurka, inda Ice Cube ya fice a 1989 kan rabon kuɗi. A gida ma haka ne. The Remedies, su Eedris Abdulkareem wanda aka haifa a Kano, ba su daɗe tare ba. Plantashun Boiz sun rabu a 2004. Trybesmen, da ɗan garin nan eLDee ya kafa da abokansa biyu a Legas a 1998, su ma daga baya kowa ya kama gabansa. Ba na ganin laifin kowa a cikinsu, don mutum ba zai dawwama a inuwar wani ba.

To ku zauna ku amsa waɗannan tun yau. Idan aka kira ɗayanku wasa shi kaɗai a Murtala Square ko wani biki a Zariya, nawa zai zuba a asusun ƙungiya? Ni nakan ba da shawarar kashi 10 cikin 100, amma ku kuka san junanku. Yana da izinin rera waƙar ƙungiya a can? Idan ya fita gaba ɗaya, sunan ƙungiya na wa ne? Sunan nan ku yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni da sunayenku duka. Shafin YouTube da Audiomack da TikTok kuwa, kada a buɗe su da lambar wayar mutum ɗaya. A buɗe imel na ƙungiya, mutum biyu aƙalla su san kalmar sirri. Na ga yaran da suka rasa waƙoƙin shekaru saboda wanda ya riƙe shafin ya yi fushi ya canza ta.

Kowace waƙa kuma a yi mata takardarta a ranar da aka ɗauke ta, kafin a bar sutudiyo: wa ya rubuta amshi, wa ya yi wane baiti, wa ya haɗa kiɗa, kashi nawa kowa zai samu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare mai aiki, amma sai an san waye mai aikin. Kowa ya sa hannu, mu masu sutudiyo mu zama shaida, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Babbar yarjejeniyar ta ƙungiya kuwa ku kai ta gaban wani babba da kuke jin nauyinsa, yaya ko kawu, in da hali lauya ya duba. Kuma a riƙa sabunta ta duk shekara, don su Wu-Tang ɗin ma, bayan wa'adin shekara biyar ya cika kuɗi ya yi yawa, wasu daga cikinsu sun kai ƙara kotu kan haƙƙinsu.

Ina son yadda yaran yanzu ke yanko kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos su ɗora baiti a kai, gadonmu ne. Sai dai masu shi sun bar iyali, ku nemi izini a rubuce. De La Soul, wata ƙungiyar Amurka, sun cika kundayensu na farko da kiɗan da suka yanko daga wasu, kuma wannan tare da saɓani da kamfaninsu ya hana tsofaffin waƙoƙinsu hawa manhajojin sauraro har sai Maris 2023, makonni kaɗan bayan rasuwar ɗaya daga cikin su ukun.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. Ruwa ya taɓa cika ɗakin ƙasa inda RZA ke aiki, ya lalata ɗimbin kiɗan da ya tara, har da wanda aka tanada wa ɗan ƙungiyarsu Inspectah Deck, wanda kundinsa bai fito ba sai 1999, lokacin da kasuwa ta riga ta juya. Mu nan ga damina, ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ƙone kwamfuta. Duk ranar da kuka gama ɗauka, ku karɓi muryoyin a rarrabe, kiɗa daban, kowace murya daban, ba haɗaɗɗiyar waƙar kawai ba. Kwafi ɗaya a sutudiyo, ɗaya a filashi a gidan wani daga cikinku a wata unguwar, ɗaya a intanet ƙarƙashin imel ɗin ƙungiya.