Sitiyari mai rawa a motar gudu: inda ake kuskure da yadda ake gyarawa

Ƙaramar motar gudu irin su Honda S2000, Mazda MX-5, Toyota 86 ko BMW Z4 an ƙera ta ne ta ji hannu da wuri. Da ka ɗan karkata sitiyari ta bi. Amma akwai wata rawa da ba ta cikin ƙira: kana kan miƙaƙƙen titi a gudun kilomita 100, mota na ta leƙen dama da hagu, tana bin kowane tsagi da manyan motoci suka bari a kwalta, ba ka isa ka sassauta riƙo ba. Idan ta taka rami a tsakiyar kwana sai ka ji bayanta ya zille. Wannan ciwo ne, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne masu mota da dama da kuɗinsu suke ƙara shi.

Babban kuskure shi ne a ɗora wa sitiyari laifi don kawai a nan hannu ke jin rawar. Sai a kwance rak, wato ƙarfen da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba, a sauya, a kashe kuɗi mai yawa, a dawo titi a tarar da abin yana nan. Sau da yawa matsalar daga ƙafafun baya take. Tayar baya ita ke riƙe da saitin mota. Idan ta karkata ko da milimita biyu ne lokacin da sufurin, wato ƙarfen da ke lotsawa yana ɗauke da nauyin mota, ya danne, mota za ta juya ba tare da ka taɓa komai ba, kai kuma ka yi ta gyara da hannu kana zaton gaba ne ke yawo.

Honda S2000 misali ne mai kyau. Ta fito a 1999 da inji mai juyawa har sau 9,000 a minti, nauyinta rabe daidai tsakanin gaba da baya. Amma ƙirar farko, wadda ake kira AP1, ta yi suna da saurin zillewa, domin fuskantar tayoyin bayanta tana sauyawa sosai idan ƙafa ta hau ko ta sauka. A 2004 Honda da kanta ta sake lissafin ƙafar bayan, ta sassauta taurinta, ta sa rim mai inci 17 da taya mai faɗin milimita 245 a baya maimakon 225. Kamfani mai injiniyoyi cike da ofis baya ya duba, kuma sassautawa ya yi. Mai motar da ya ji rawa ya garzaya sayen kayan ƙafa masu tauri, hanyar da ya ɗauka ta saɓa wa wannan.

Taya kafin komai

Nan ne gyara ya fi araha, kuma nan aka fi sakaci. Mai faci na gefen titi yakan cika taya har sai ta yi tauri, wani ma lambar da ke jikin tayar yake bi. Waccan lambar iyakar abin da taya za ta iya ɗauka ce. Iskar da motarka ke so tana rubuce a takardar da ke manne jikin ƙofar direba: S2000 tana son 32 a ma'aunin psi gaba da baya, Toyota 86 kuma 35. Taya mai iska 45 tsakiyarta ne ya fi taka ƙasa, sai sitiyari ya yi sakwaf, mota ta riƙa tsalle a kan kowace tsakuwa. Ka sayi ma'aunin kanka, ka auna da safe kafin mota ta motsa. Iska tana ƙaruwa da kusan psi ɗaya a duk ƙarin digiri biyar zuwa shida na zafi, don haka awon da aka yi da azahar a watan Afrilu bayan doguwar tafiya ba abin dogaro ba ne.

Sai gamin gambiza: Michelin a hagu, wata 'yar gwanjo a dama, baya kuma kowace da ƙasarta. Kowace taya da taurin gefenta, kuma gefen ne ke yanke yadda za ta amsa. Idan na gaba masu tauri ne na baya masu laushi, gaba zai shiga kwana nan take, baya ya biyo a makare, kuma wannan jinkirin shi ne zillon da kake ji. Huɗun su zama iri ɗaya. In aljihu bai kai ba, aƙalla biyun gaba su dace da juna, biyun baya ma haka, masu kyaun su koma baya. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da aka rubuta DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo na iya zuwa da zanenta cif alhali robar ta bushe tun da daɗewa. Masu AP1 su ƙara lura da wani abu: Bridgestone S-02 da motar ta zo da ita a baya, ko da an rubuta mata 225, faɗin da take takawa ya kusa na 245. Wanda ya sa 225 na gama-gari ya rage wa bayan motarsa riƙo bai sani ba.

Alaimen a kan ruɓaɓɓen bushin

Ana kai mota alaimen, wato saitin ƙafafu, ba a ɗaga ta an girgiza ƙafafun ba. Na'ura za ta nuna lambobi masu kyau mota na tsaye, amma da an taka birki ko totur robar mahaɗin ƙafa, wato bushin, da ta tsage za ta ba da hanya, saitin ya tashi a banza. Masu BMW E46, wata tsohuwar ƙirar 3 Series, sun san wannan: bushin na bayan hannun ƙafar gaba idan ya mutu, sitiyari kan fizge a birki, na dogon hannun ƙafar baya kuma idan ya saki, bayan mota ya riƙa lilo duk sanda aka ba ta wuta. A fara da bushin, boljoyin, kan tayarod da shokzoba mai yoyon mai. Kuma ka tsaya a kan bakanike kada ya ɗaure kusoshin bushin mota na rataye a jak. Sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan tayoyi ake ɗaurewa, in ba haka ba sabuwar robar za ta zauna a murɗe ta tsage da wuri.

A wurin alaimen ɗin ma, kada ka yarda da "Oga, duk ya yi kore." Koren da na'ura ke nunawa idan awo ya shiga cikin iyaka fili ne mai faɗi, hagu na iya zama a wannan iyaka, dama a waccan. Ka nemi a buga maka takarda, ka ce a daidaita ɓangarorin biyu, kuma a yi ƙafa huɗu, ba gaba kaɗai ba. Abin da ya fi tasiri shi ne to, wato inda hancin taya ke kallo. Idan tayoyin gaba sun buɗe waje, mota za ta shiga kwana da zafi amma ba za ta natsu a miƙe ba. Masu tsere a fili suna son haka, titi bai dace da shi ba. Sifili ko ɗan rufewa ciki na milimita ɗaya zuwa biyu ya wadatar. A baya kuwa buɗewa waje haɗari ne tsantsa. AP1 daga kamfani tana zuwa da sifili a gaba da rufewar kusan milimita 6 jimilla a baya. Kasta ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan kwana, a S2000 wajen digiri 6 ce, kuma idan ta ragu ko hagu da dama suka bambanta mota ba ta zama a layi. Kamba mai yawa, irin kwantar da taya da samari ke yi don kyan gani, tana sa mota bin tsagin titi tana kuma cinye gefen taya na ciki. BMW ma takan ce a cika tanki a ɗora nauyi a kujeru kafin a auna. Wuraren da ke yin haka ba su da yawa, ka tambaya.

Kwalliyar da ke ɓata tuƙi

Yanke sufurin don mota ta kwanta, wannan kam a bar shi. Ko da sufurin na kirki ne, idan aka sauke mota fiye da kima tayarod yakan daina tafiya daidai da hannun ƙafa, sai duk hawa da saukar taya ya zama ɗan juyin sitiyari. Santimita biyu zuwa uku galibi ba ya ɓarna in an sake alaimen. Fiye da haka sai da kayan gyara kusurwar, kuma a titinmu mai ramuka ribar ba ta kai wahalar ba.

Rim ma haka. Lambar ET da ke bayansa tana nuna yadda zai zauna ciki ko waje. Rim da ya fito waje sosai, ko sifesa mai kauri, wato faifan da ake sawa bayan rim don ya fito waje, yana bai wa kowane rami dogon hannun da zai murɗa sitiyari da shi. Ƙara wa rim inci biyu kuma na nufin siririyar taya marar gefen da zai shanye duka.

Game da ƙarfen da ke hana mota kwanciya a kwana, ƙa'idar ba ta da wuya: tsakanin gaba da baya, wanda ka ƙara wa tauri shi zai fara sakin ƙasa. Mota mai zillon baya aka sa mata mai kauri a baya, an zuba fetur a wuta. In shokzobarka mai saiti ce, fara daga laushi, ka ƙara kaɗan-kaɗan. Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka rubuta, ka gwada a hanya ɗaya da gudu ɗaya. Wanda ya sauya taya da sufurin da alaimen rana guda ba zai san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Saura ƙafar direba. Sakin totur farat ɗaya a tsakiyar kwana yana jefa nauyi gaba, tayoyin baya su yi sako-sako, mota ta juya. Toyota MR2 ta ƙarni na biyu, mai inji a bayan kujera, ta sha suka kan wannan har Toyota ta tsawaita sandunan saitin ƙafar bayanta a farkon shekarun 1990. S2000 kuwa ba ta samu na'urar hana zamewa ba sai a 2006, don haka tsofaffin babu mai ceto sai ƙafarka. Ka gama birki kafin kwana, ka riƙe totur daidai a ciki, hannu biyu a gefe da gefe ba tare da maƙure sitiyari ba.

In motarka tana da na'urar hana zamewa, ka ce a sake saita firikwensin kusurwar sitiyari da kwamfuta bayan alaimen. Idan ba a yi ba, motar na iya ɗauka kana kwana alhali a miƙe kake, ta ɗan kama birkin taya ɗaya, kai kuma ka koma neman laifi a ƙafafun da ka riga ka gyara.